Wayar da Ake Zaton Babu Wuta: Tarihin Kare Ran Ma'aikacin Layi, Daga Amurka Zuwa Dajin Birnin Gwari

A ranar 21 ga Oktoban 2024, babban layin lantarki da ya taso daga Ugwuaji a Jihar Enugu zuwa Apir a Jihar Binuwai ya yanke, galibin jihohin Arewa suka faɗa cikin duhu sama da mako guda. Da a ce layin da ya haɗa madatsar ruwa ta Shiroro da tashar Mando a Kaduna yana aiki, da abin bai kai haka ba. Amma kafin wannan rana an riga an lalata wasu turakun ƙarfe da ke ɗauke da shi a dazuzzukan da ke tsakanin Neja da Kaduna, kuma kamfanin TCN, mai kula da manyan layukan wuta na ƙasa, ya bayyana cewa injiniyoyinsa ba za su iya shiga wurin ba sai da rakiyar jami'an tsaro. Sai da maganar ta kai fadar shugaban ƙasa, aka umarci mai ba shi shawara kan harkokin tsaro, Nuhu Ribadu, da ya haɗa kai da sojojin ƙasa da na sama domin ba masu gyaran kariya.

A waɗannan kwanaki tambaya ɗaya ce a bakin kowa, daga mai injin niƙa har zuwa mai sayar da ƙanƙara: yaushe za a kawo wuta? Ba kasafai ake tambaya game da mutumin da zai hau turken ba, da abin da zai tabbatar masa cewa zai sauko da ƙafafunsa.

Tambayar ta fi nauyi a yankin Birnin Gwari. A can, garuruwa irin su Damari, da ke gundumar Kazage a gabashin ƙaramar hukumar, sun shafe shekaru a tsakanin 'yan bindiga, har jaridu suka yi ta ruwaito yadda mazauna garin suka yi ƙaura a 2022 saboda rikicin 'yan fashin daji da 'yan ƙungiyar Ansaru. Duk layin da zai kai wuta irin waɗannan garuruwa, ko a gyara tsoho ko a ja sabo, da hannun mutum za a yi shi. Tarihin wannan sana'a kuwa ya daɗe da tabbatar da abu guda: wayar da ake tsoro ba ta cika kashe gwani ba. Wadda ta fi kashe shi ita ce wadda ya sakankance cewa babu wuta a jikinta.

Yadda layi ya ratso daji

An fara samar da lantarki a Legas a 1896. A Arewa, haƙar kuza ce ta jawo shi da ƙarfi: a 1929 kamfanin NESCO ya fara aiki a yankin Jos, yana samar da wuta daga ruwan Kurra domin ma'adinai. A ƙarshen shekarun 1920 da cikin shekarun 1930 ne Kaduna da Kano da Katsina da Zariya suka sami ƙananan tashoshinsu, wasu a hannun ma'aikatar ayyuka ta gwamnati, wasu a hannun En'e. Kowane gari da injinsa, kuma layukan gajeru ne. Mai gyara ya san wanda ke riƙe da makunni, sau da yawa ma yana iya takawa da ƙafa ya same shi.

Abin ya sauya bayan kafa hukumar ECN, wadda ta fara aiki a 1951, da hukumar madatsun ruwan Neja a 1962. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, sai aka fara jan manyan layuka masu ƙarfin bolt 330,000 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta a cikin waya) suna ratsa ɗaruruwan kilomitoci na daji. A 1972 aka haɗe hukumomin biyu aka haifi NEPA, sunan da har yau bai bar bakin mutane ba. Madatsar Shiroro a kan Kogin Kaduna, mai megawat 600, ta fara aiki a 1990, ta zama jigon wutar Arewa maso Yamma.

Wannan haɗewa ta kawo alheri mai yawa, amma ta canza wa ma'aikacin layi yanayin haɗarinsa. Wutar da ke cikin wayar da ke gabansa yanzu tana tasowa daga wata jiha, cibiyar da ke daidaita ta tana Osogbo, wanda zai buɗe ko ya rufe masa layi kuma yana iya zama a nisan tafiyar yini. Ransa ya rataya a kan saƙo: wa ya ce an kashe, wa ya ji, wa ya rubuta.

Ƙa'idojin da rayuka suka saya

Ƙasashen da suka riga Nijeriya shiga wannan harka sun riga ta binne ma'aikata. A watan Nuwamban 1891, wasu ma'aikatan lantarki suka taru a birnin St. Louis na Amurka suka kafa ƙungiyar ƙwadago, wadda ta zama IBEW ta yau. Babban abin da ya tara su shi ne yawan mutuwa a kan turaku, a lokacin da babu horo, babu kayan kariya, babu diyya. Shugabansu na farko, Henry Miller, ma'aikacin layi ne. A watan Yulin 1896, yana gyaran layi a Washington, wuta ta ja shi ya faɗo daga turke, ya mutu. Shekarar da wuta ta fara haska Legas ke nan.

Daga ƙarshen shekarun 1920, kamfanonin lantarki na Amurka suka fara zuba kuɗi domin a gano dalilin da ya sa mutum ke mutuwa nan take ko da jikinsa bai ƙone ba. William Kouwenhoven, injiniya a Jami'ar Johns Hopkins, yana cikin waɗanda suka ɗauki aikin. Wuta, ko kaɗan ce, idan ta ratsa ƙirji tana rikita bugun zuciya, sai zuciyar ta koma karkarwa ba ta tura jini. A 1933 shi da abokan aikinsa suka nuna, ta gwaji a kan karnuka, cewa wani jan wutar na biyu yana iya dawo da ita kan hanya. Daga wannan bincike aka samu na'urar farfaɗo da zuciya. A 1960 kuma shi da James Jude da Guy Knickerbocker suka wallafa sakamakon da ya nuna cewa danna ƙirji da hannu yana riƙe rai kafin taimako ya iso. Dabarar da likitoci da ma'aikatan jinya suke amfani da ita yau a asibitocin Shika da Kano, tushenta yana komawa ga neman ceton masu hawa turke.

A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley kuwa, Charles Dalziel ya auna yawan wutar da ke hana mutum sakin waya idan ya kama ta. Ya samu cewa ga matsakaicin namiji abin bai wuce miliamfiya 16 ba, ga mace kuma kimanin 10. Domin a gane ƙanƙantar wannan adadi, tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan abin da ya ninka shi fiye da sau goma. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, amma jiƙaƙƙiya ba ta tarewa. Mutumin da ya hau turke da tsakar ranar watan Afrilu, gumi na tsiyaya daga hannunsa, wutar gida ta bolt 230 ma ta isa ta tsayar masa da zuciya.

Akwai kuma haɗarin da ba ya buƙatar a taɓa waya. A 1982 injiniya Ralph Lee ya jawo hankalin duniya ga tartsatsin wutar da ke tsallake iska, wanda zafinsa kan haura na fuskar rana. Saboda shi ne ake hana ma'aikaci sa tufafin leda ko nailan, domin suna narkewa su manne da fata, kuma saboda tsallaken wuta ne aka ƙayyade tazarar da ba a ƙetarewa. A dokar Amurka, ƙwararren da ba ya sanye da kariya ba ya matsawa ƙasa da santimita 65 kusa da layi irin na bolt 11,000, ko santimita 77 kusa da irin na bolt 33,000.

Matakai biyar da takarda ɗaya

Daga waɗannan darussa aka tace tsarin da yau kusan duk duniya ta yarda da shi, wanda Jamusawa suka taƙaita a matakai biyar, Turai kuma ta sa a ƙa'idarta. Na farko, a raba layin da duk wata hanya da wuta za ta iya shigo masa. Na biyu, a sa kwaɗo da alama a kan makunnin, mabuɗin kuma ya kasance a hannun wanda ke kan aikin, domin kada wani ya mayar da wutar. Na uku, a gwada wayar da na'ura a tabbatar babu wuta, kuma a gwada na'urar kanta kafin da bayan awon, domin matacciyar na'ura ma shiru take yi. Na huɗu, a haɗe wayoyin da juna a sada su da ƙasa ta hanyar kaurin kebul, a gaba da bayan wurin aikin. Na biyar, a rufe ko a shinge duk wani abu mai wuta da ke kusa.

Mataki na huɗu shi ne ginshiƙi. Sauran suna hana kuskure ne, shi kuwa yana ceton mutum bayan an riga an yi kuskuren. Idan wuta ta dawo bagatatan, sai ta bi kebul ta shige ƙasa, na'urar kariya ta tashar ta katse layin. Shi ya sa tsofaffin ma'aikata ke koya wa yaransu cewa layin da ba a sada da ƙasa ba, a ɗauka da wuta a jikinsa, ko da wa ya rantse cewa an kashe.

Abin da ke ɗaure matakan wuri guda shi ne takardar izinin aiki, al'adar da hukumomin lantarkin Nijeriya suka gada daga Birtaniya. Jami'in da ke da iko a kan layin yana rubuta wane layi aka kashe, daga ina zuwa ina, a ina aka sada shi da ƙasa, kuma wa aka ba. Shugaban tawaga ya karɓa ya sa hannu. Ba a mayar da wuta sai ya ƙirga mutanensa, ya tabbatar kowa ya sauko, an cire kebul ɗin ƙasa, ya mayar da takardar an soke ta. Wanda bai san asalinta ba zai ɗauke ta a matsayin jan ƙafar ofis. Kowane layi a cikinta kuwa akwai wanda ya mutu kafin a ƙara shi.

Ana kuma aiki a kan layi mai wuta da gangan, inda kashe shi zai jefa gari cikin duhu, amma da kaya na musamman. Akwai dogayen sanduna marasa ɗaukar wuta, waɗanda da farko na katako ne kafin a koma na zaren gilashi a shekarun 1950. Akwai safar hannu ta roba mai aji-aji: aji na 0 iyakarsa bolt 1,000, aji na 2 bolt 17,000, aji na 4 bolt 36,000. Ana hura mata iska kafin kowane aiki a ga ko ta huje, kuma ana kai ta ɗakin gwaji duk wata shida. A 1960 injiniya Harold Rorden ya fito da dabarar da ma'aikaci ke manne wa babban layi kai tsaye, sanye da tufafi masu zaren ƙarfe, a raba shi da ƙasa gaba ɗaya, kamar yadda tsuntsu ke sauka a kan waya lafiya lau. Masu irin wannan aiki sun san da me suke wasa, don haka ba sa sakaci. Sakaci yana zuwa ne inda tsoro ya gushe.

Ta ina wuta ke shiga matacciyar waya?

A ƙasar da wuta ke tsayawa dare da rana, kowa yana kallon waya a matsayin abu mai rai. A nan kuwa, inda ɗaukewa ta fi kawowa yawa, ido ya saba ganin waya a matsayin igiyar ƙarfe kawai. Wannan sabo shi ne macijin ƙaiƙayi, domin hanyoyin da wuta ke komawa cikin layin da aka kashe suna da yawa.

Ta farko ita ce janareto. Taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Aikinta shi ne sauko da bolt 11,000 zuwa 415 da 230 domin gidaje, amma idan aka tura mata wuta ta ɓangaren gidaje sai ta ɗaga ta zuwa dubbai ta watsa a babban layi. Mai shago ɗaya da ya haɗa janaretonsa da wayar gida ba tare da makunnin sauya layi ba, ya ja igiya da ƙarfe huɗu na yamma, ya isa ya kashe mutumin da ke kan turke a wata unguwa, alhali bai taɓa ganinsa ba. Yaɗuwar sola da batura ta ƙara wannan haɗari, domin su ba su da ƙarar da za ta gargaɗi kowa.

Ta biyu ita ce maƙwabtaka. Inda layuka biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa a kan turaku ɗaya, mai wutar yana haifar da wuta a jikin wanda aka kashe ba tare da sun taɓa juna ba, kuma gwargwadon tsawon tafiyarsu gwargwadon ƙarfinta. Ta uku ita ce faɗuwar babban layi a kan ƙarami. Abin da ya faru ke nan a Gwargwaje ta Zariya a watan Janairun 2023, inda wuta mai ƙarfi ta kwarara cikin gidaje da dare ta hallaka mutane da dama. Ta huɗu ita ce tsawa, wadda kan faɗa a kan layi a wuri mai nisa ta biyo waya. Ta biyar ita ce kuskuren ɗan Adam: layuka biyu masu kama da juna, saƙon da aka ji rabi, ko jami'in da ya karɓi aiki bai san akwai mutane a sama ba.

Ko wayar da ta faɗi ƙasa ba ta da tabbas. Wutarta tana bazuwa a cikin ƙasa tana raguwa da nisa, ta yadda tsakanin ƙafar dama da ta hagu ta mai dogon taku ake samun bambancin da zai tura wuta ta ratsa jikinsa. Shi ya sa ake cewa a tsaya aƙalla mita 10 daga gare ta, wanda ya tsinci kansa kusa kuma ya haɗe ƙafafunsa ya ja su a hankali har ya fita. Shanu, da yake ƙafafunsu na gaba da na baya suna da nisa, sun fi mutum saurin faɗuwa a irin wannan wuri, abin da ya shafi duk yankin da ake kiwo.

Abin da daji ya ƙwace

Duk waɗannan ƙa'idoji an gina su ne a kan wasu abubuwa da masu rubuta su suka ɗauka tabbatattu: akwai lokaci, akwai hanyar sadarwa, kuma ana iya zuwa ko'ina a kan layin. Rashin tsaro a Birnin Gwari ya taɓa dukkansu.

Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, mai tsawon kilomita ɗari da 'yan kai, ta shafe shekaru ba a bin ta sai da rakiya. Tawagar da ta fito da rakiyar sojoji tana da 'yan sa'o'i ne kafin a ce a juya. Matakai biyar kuwa suna cin lokaci: sai an je an kulle makunni, an gwada, an ɗaura kebul a turke biyu kafin a taɓa komai. Mutumin da kunnensa ke sauraron ƙarar babura daga cikin daji zai ji cewa minti ashirin ɗin sada layi da ƙasa sun yi masa yawa. Haɗarin da yake gani da ido sai ya rufe masa wanda ba ya gani.

Sadarwa ma ta taɓa yankewa ɗungurungum. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021, gwamnatin Jihar Kaduna ta sa an rufe layukan waya a wasu sassan jihar, ciki har da Birnin Gwari, domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai. Ko da ba a rufe ba, akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. Takardar izinin aiki kuwa rayuwarta a kan magana biyu take: an kashe, da kuma mun sauko. Inda ba a iya isar da waɗannan kalmomi, sai a koma ga alkawarin agogo, a ce za a mayar da wuta ƙarfe kaza. Duk littafin ƙa'ida ya haramta wannan, domin aiki kan wuce lokacinsa, agogo kuma ba ya ganin wanda ke sama.

Sai kuma layin kansa. Ƙa'idar Nijeriya ta ware fili mai faɗin mita 50 ga layin bolt 330,000, mita 30 ga na 132,000, da mita 11 ga na 33,000 da 11,000, inda ba a gini kuma ake sare bishiyoyi. A yanki mai kurmi irin na kewayen gandun dajin Kamuku, damina biyu ko uku ba tare da sara ba sun isa reshe ya kai waya. Gobarar daji ta rani tana cinye turakun katako, gara tana cin gindinsu, ɓarayi suna kwance ƙarafan da ke riƙe manyan turaku. Turken da aka hau lafiya shekara biyar da suka wuce yana iya karyewa da mutum yau, kuma faɗowa daga sama tana cikin manyan abubuwan da ke kashe ma'aikatan layi tun zamanin Henry Miller.

Borno ta nuna iyakar inda abin zai iya kaiwa. A Janairun 2021 mayaƙa suka tarwatsa turakun layin Damaturu zuwa Maiduguri. A lokacin gyara, motar ma'aikata ta taka nakiya wasu suka jikkata. An maido da wuta a watan Maris, bayan 'yan kwanaki aka sake tarwatsa turakun. Babu safar hannun da aka ƙera domin irin wannan.

Inda ma'aikacin kamfani ya daina zuwa, wani ne ke maye gurbinsa. Kowane gari yana da saurayin da ya iya wuta, wanda ake tara kuɗi a ba shi ya hau ya ɗaura fis ko ya haɗa wayar da iska ta tsinka. Sau da yawa yana da basira da ƙarfin hali. Abin da ba shi da shi shi ne iko a kan makunni. Ba ya cikin rajistar kowa, don haka wanda zai mayar da wuta bai san yana sama ba.

Doka a takarda, doka a kan turke

Ta fuskar rubutu, Nijeriya ba ta rasa ƙa'ida ba. Dokar sauya fasalin lantarki ta 2005 ta rushe NEPA ta kafa hukumar NERC mai sa ido. A Nuwamban 2013 aka miƙa yawancin kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, na Kaduna, mai kula da jihohin Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, ya biyo baya a ƙarshen 2014. NERC ta fitar da kundin lafiya da kariya a 2014, a 2015 aka kafa hukumar NEMSA domin duba ingancin kayan lantarki da binciken haɗurra. Cibiyar NAPTIN, da aka kafa a 2009, tana horar da ma'aikata a rassanta, ciki har da na Kaduna da Kano da Kainji. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi hakkin wanda ya ji rauni ko ya mutu a bakin aiki. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu.

Duk da haka rahotannin NERC sun nuna cewa a 2023 da 2024, sama da mutum ɗari ne suka mutu a kowace shekara a haɗurran lantarki, ma'aikata da sauran jama'a, mafi yawa a ɓangaren rarraba wuta. Dalilan da hukumar ke lissafawa ba sa canzawa: tsinkewar waya, taɓa layi ba da izini ba, ɓarna, aiki ba bisa ƙa'ida ba, da faɗowa daga sama. Kamfanonin kuma suna fama da bashi, har ta kai a Janairun 2024 NERC ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin Kaduna saboda kuɗin da ake bin sa. A ko'ina cikin duniya, idan aljihun kamfani ya matse, abubuwan da ba sa kawo kuɗin shiga ne ke fara shan wuya, irin su gwajin safar hannu, sayen kebul ɗin ƙasa, da horar da 'yan kwangila da ma'aikatan wucin gadi, waɗanda sau da yawa su ne ke hawa.

Akwai kuma yadda al'umma ke karɓar labarin. Idan wuta ta kashe ma'aikaci sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, a yi addu'a a watse. Yarda da ƙaddara ba ta hana tambaya ba: an ba da takardar izini? An sada layin da ƙasa? Wa ya mayar da wutar? Ƙasashen da suka rage mutuwar ma'aikatansu sun yi haka ne ta hanyar yin waɗannan tambayoyi bayan kowace gawa, da rubuta amsar domin na baya.

Lokacin komawa gida

A ƙarshen Nuwamban 2024, Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar shanu bayan yarjejeniyar sulhu da wasu shugabannin 'yan bindiga. Motoci suka dawo hanya, manoma suka fara komawa gonakin da suka bari. Idan zaman lafiyar ya ɗore, abin da jama'a za su nema bayan hanya da makaranta da asibiti shi ne wuta, kuma suna da gaskiya.

Amma lokacin farfaɗo da layi shi ne mafi haɗari a rayuwarsa. Layin da ya daɗe a kashe, an yi gini a ƙarƙashinsa, an shanya kaya a kan wayarsa da ta sauko, yara sun mayar da turakunsa wurin wasa, an jona masa janareto da sola a wuraren da babu a taswirar kowa. Kafin a sake masa wuta sai an bi shi turke bayan turke, an sanar da masu unguwanni da limamai da shugabannin kasuwa rana da sa'a. Matasan da suka riƙe garuruwa da gyare-gyarensu a shekarun wahala kuma, korarsu ba za ta hana su hawa ba. Abin da ya fi shi ne a horar da su, a ba su shaida, a sa sunayensu cikin tsarin izinin aiki.

Sauran nauyin yana kan waɗanda ba za su taɓa hawa turke ba. Mai gida ko shugaban ma'aikata da ya sa makunnin sauya layi a janaretonsa ya cire hannunsa daga jinin wani. Kansila ko ɗan majalisa da ke matsa wa manaja lamba a kawo wuta kafin sallah, ya san cewa matsin yana gangarawa ne har ya sauka a kan mutumin da ke sama. Malamin asibiti da ya koya wa tawagar ma'aikata danna ƙirji ya ba su abin da zai yi aiki a cikin mintunan farko, a wurin da motar asibiti ba za ta iso ba. A 1967, a birnin Jacksonville na Amurka, wani mai ɗaukar hoto, Rocco Morabito, ya ɗauki wani ma'aikacin layi yana hura wa abokin aikinsa numfashi a saman turke bayan wuta ta ja shi ya sume, yana rataye da ɗamararsa. Hoton ya ci kyautar Pulitzer a 1968. Mutumin ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, saboda ɗamarar ta riƙe shi, kuma na kusa da shi an koya masa abin da zai yi.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Shekara ɗari da talatin ke nan wannan sana'a tana tara abin da ya kamata kunne ya ji, kuma babu ko ɗaya daga ciki da ya fi ƙarfin Kaduna ko Birnin Gwari ko Damari: kwaɗo, na'urar gwaji, kebul ɗin ƙasa, takarda mai sa hannu, da haƙurin jama'a na ƙarin awa ɗaya cikin duhu har mutum na ƙarshe ya sauko.